Alherin Ubangida da Haƙƙin Doka: Kurma Mai Neman Abinci a Fagge da Sabon Gari

A bazarar 1996 sanƙarau ya yi wa Arewa mummunan kamu. Mutum fiye da 100,000 aka lissafa sun kamu a Najeriya, fiye da 11,000 suka rasu, kuma Kano na cikin wuraren da abin ya fi muni. Asibitin Zana da ke Fagge, wanda aka fi sani da IDH, ya cika ya batse. A can ne kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganinsa Trovan, gwajin da ya haɗa da yara kusan 200, ya kuma jawo shari'ar da aka ƙare da sulhun dala miliyan 75 da gwamnatin Kano a 2009, kamfanin yana nan a kan bakansa cewa cutar ce ta yi ɓarnar. An yi rubutu da yawa a kan wannan shari'a. Abin da aka yi wa shiru shi ne sanƙarau, ko babu wani gwaji, yakan tafi da jin yaro ya bar shi da rai. Yaran da suka tashi daga waccan jinya kunne a toshe yanzu sun haura shekara 30. Magidanta ne da matan aure, da kuɗin haya da kuɗin makaranta a wuyansu.

Ba su kaɗai ba ne. Akwai waɗanda aka haifa a haka, da waɗanda ƙyanda ko hangum ta taɓa, da waɗanda allurar da aka yi musu ba bisa ƙa'ida ba, irin su jentamaisin, ta kashe musu jijiyar ji. Duk wanda ya isa neman na kansa a cikinsu, a wannan yanki na Kano, hanya biyu ce a gabansa. Ko dai a kama hannunsa a kai shi wajen wani ubangida a layukan teloli na Fagge, ko Kantin Kwari, ko Singa, ko kasuwar Sabon Gari, ko kuwa ya ɗauki takardunsa ya nufi aikin albashi, inda doka ta ce yana da haƙƙi. Na daɗe ina auna waɗannan hanyoyi biyu, domin masu magana a kan haƙƙin nakasassu sun fi kallon ta biyu, alhali mafi yawan kuramen da ke cin guminsu a ta farko suke.

Hanyar kasuwa ta girmi ta doka nesa ba kusa ba. Fagge tun asali zangon fatake ne, inda ayarin raƙuma ke sauka a bayan ganuwa, Buzu da Balarabe da Bahaushe su yi ciniki ko harshe bai gama haɗa su ba. Ina ganin wurin da ya saba da irin wannan ba ya firgita don an ce a yi magana da hannu. Kuramen ƙasar Hausa kuma suna da harshensu, maganar hannu, wadda ba a makaranta aka ƙirƙiro ta ba: yaro yana koyonta wajen manyan kurame a majalisarsu ta yamma, masu ji da ke mu'amala da su kuma suna tsintar abin da ya sawwaƙa. Bajamushiyar nan masaniyar harsuna, Constanze Schmaling, ta zauna da kuramen Kano a shekarun 1990, ta fitar da littafi a kan nahawun wannan harshe a shekarar 2000, inda ta nuna cikakken harshe ne mai ƙa'idojinsa. Masarauta ma ta san da zaman jama'ar, shi ya sa akwai sarautar Sarkin Bebaye. Malaman fiƙihu kuwa, har da na Malikiyya da muke bi, tuntuni suka tabbatar cewa isharar da aka fahimta daga wanda ba ya magana tana ƙulla ciniki, tana ƙulla aure. Saboda haka ɗan kasuwar Kano bai taɓa shakkar ko cinikinsa da kurma ya halatta ba.

A shiga shagon tela a Fagge ana saura mako biyu Sallah, a ga yadda abin yake a aikace. Kekuna suna ta ruri, janareto na kuka a bakin ƙofa, ko masu ji sai sun ɗaga murya. Awo a rubuce yake a littafi da lambobi. Irin ɗinkin da ake so, hoto ne a waya. Maigidan shago in zai yi wa yaronsa kurma magana, sai ya dafa kafaɗarsa, ya tsaya inda haske ke dukan fuskarsa, ya nuna wuyan rigar, ya nuna zaren, ya ɗaga yatsu uku, wato nan da kwana uku. In yaron bai gane ba, sai ya karɓi almakashi ya yanka guda ɗaya a gabansa. Gani ya kori ji. Kafin shekara ta zagayo, duk yaran shagon sun iya alamar kuɗi, da ta abinci, da ta sallah, da ta “Alhaji ya zo”, har da ta tsokana. Haka abin yake wajen masu aikin surfani, da kafintoci, da masu gyaran takalmi, da 'yan dakon da ke sauke diloli a Kwari.

Wannan da maigidan shago ke yi, shi ne ainihin abin da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 a kan haƙƙin nakasassu ke nufi da a gyara wurin aiki daidai gwargwado don ma'aikaci ya iya aikinsa. Najeriya ta amince da yarjejeniyar a 2010. Telan Fagge bai karanta ta ba, amma ya riga ya yi mafi wuyar abin da ta nema: ya yarda nauyin fahimtar juna a raba shi biyu, shi ya tako rabin hanya, kurman ya tako rabi. A nan ne na ga fifikon kasuwa, kuma fifiko ne babba. Kurma ba tudu ko matakala ke hana shi aiki ba. Abin da ke hana shi shi ne a yi magana a gabansa a yanke hukunci ba tare da shi ba, kuma maganin wannan yana hannun abokan zamansa.

Hanyar doka sabuwa ce. Bayan shekaru ana kai ƙudurin majalisa yana dawowa, Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a Dokar Hana Nuna Wa Nakasassu Bambanci a watan Janairun 2019. Kano ma tana da tata, wadda Gwamna Abdullahi Umar Ganduje ya sa wa hannu a ƙarshen 2018. Dokar tarayya ta ce nakasasshe yana da haƙƙin neman aiki daidai da kowa. Wanda ya tauye masa wannan haƙƙi zai biya shi diyyar da ba ta gaza naira 250,000 ba, in kamfani ne naira 500,000. Ta ce ma'aikatun gwamnati su yi ƙoƙari kashi 5 cikin 100 na ma'aikatansu su zama nakasassu. Ta ba da shekara biyar a gyara gine-ginen jama'a, wa'adin da ya cika a Janairun 2024. Ta kuma kafa hukumar kula da nakasassu ta ƙasa, wadda aka naɗa wa shugabanni a 2020, kuma babban sakatarenta na farko, James Lalu, shi kansa kurma ne. Wannan naɗi ba ƙaramin abu ba ne ga yaron da ya tashi ana ce masa iyakarsa wankin mota.

Abin da doka ta kawo wanda kasuwa ba ta taɓa kawowa ba shi ne ikon cewa “nawa ne”. Kurmar da ta samu aikin koyarwa ko na akawu tana da albashin da ba ya jiran yanayin fuskar kowa, da hutun haihuwa, da fansho, da takardar da za ta kai kotun ma'aikata in an kore ta ba dalili. Wanda ya taɓa ganin tsohon tela idonsa ya raunana, ba ajiya ba fansho, ba zai raina wannan ba.

Sai dai in aka zo ga kurma musamman, dokar tana da giɓi a wurare da ke da zafi. Hankalinta ya fi karkata ga gini: hanyar keken guragu, da lif, da faɗin ƙofa. Waɗannan haƙƙi ne na masu su, amma kurma ya riga ya shige ƙofar, a ciki matsalarsa take. Sashen da ya yi maganar aiki bai faɗi wanda zai kawo tafinta ranar ganawar ɗaukar aiki ba, bai faɗi wanda zai biya shi ranar taron ma'aikata ko kwas ɗin ƙarin girma ba. Kashi 5 ɗin ma an ɗaure shi da sharaɗin “gwargwadon iko”, kuma ma'aikatun gwamnati kaɗai ya shafa. In shugaban ma'aikata ya tashi cike gurbin, ya fi masa sauƙi ya ɗauki wanda zai iya yi wa magana da baki. Kurman da ya yi sa'a ya shiga kuwa, sau da yawa sai a ba shi tebur a lungu, a riƙa gaishe shi da murmushi, a daina ba shi aiki. Albashi na shiga, shekaru na wucewa, ƙannen bayansa suna zama shugabanninsa. Na fi jin zafin wannan a kan ƙin ɗaukar tun farko, domin an kashe masa amfanin karatunsa kuma an rufe masa bakin ƙorafi, tunda za a ce ai an taimake shi.

Akwai kuma wata matsala da ba kowa ya lura da ita ba, wato harshen hannu a Kano biyu ne. Na makaranta ya samo asali daga na Amurka. Andrew Foster, baƙar fatar Amurka kuma kurma, ɗan mishan da ya buɗe makarantun kurame fiye da 30 a Afirka, ya buɗe ta Ibadan a 1960, daga nan salon ya bazu, kuma da shi ake horar da malamai a Kwalejin Ilimi ta Musamman da ke Oyo. Da aka buɗe makarantar kurame ta Tudun Maliki a Kano a 1977, alamomin wannan salo suka shigo ajin ɗan Bahaushe. Tafintan da ake gani a kusurwar talabijin da shi yake magana. To, telan da bai shiga Tudun Maliki ba, wanda maganar hannu ta gida kawai ya iya, ko an kawo masa wannan tafinta a asibiti ko ofishin 'yan sanda, abin da zai tsinta kaɗan ne. Ɗalibin da ya gama makaranta kuma yakan fito da rubutun Turanci, ya tarar Alhajin da zai ɗauke shi aiki a Kwari Hausa yake rubutawa, wani ma da ajami. Doka ta ambaci harshen hannu kamar guda ɗaya ne.

Babban abin da ya rage wa doka ƙarfi shi ne inda hannunta ya tsaya. Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna fiye da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a Najeriya ba a aikin da ke da rajista da takardar ɗauka suke ba. Dokar mafi ƙarancin albashi, wanda ya koma naira 70,000 a 2024, ta cire duk wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, ta cire masu aikin kamasho da waɗanda ake biya bisa yawan abin da suka yi. Wannan kuwa shi ne kusan duk Fagge da Sabon Gari.

Kada wannan ya sa a ɗauka kasuwa aljanna ce. Duk abin da kurma ya samu a can, alheri ne na ubangida, kuma kayan aro ba ya rufe katara. Ranar da ubangidan kirki ya rasu, ko 'ya'yansa suka karɓi shago, ko kasuwa ta ja baya aka ce a rage yara, babu takardar da za a ɗauko. Tun kafin nan ma akwai rufin da kan kurman ke bugawa. Ana yaba hannunsa, ana cewa ba ya surutu, ba ya yawo, aikinsa kawai ya sani, amma yabon nan shi ne igiyar da ke ɗaure shi a kan keke. Arzikin kasuwa ba a ɗinki ko dako yake ba, yana wajen karɓar kwastoma, da sanin farashin yau, da zuwa sari, da samun wanda zai ba ka kaya bashi don ya yarda da kai. Duk waɗannan da hira ake gina su, a bakin rumfa da bayan sallar la'asar. Yaro mai ji da suka fara tare, bayan shekara bakwai an sallame shi ya buɗe nasa. Kurman yana nan, ya fi shi iya aiki, ana cewa “wa zai riƙa yi masa magana da mutane?”

Wajen biya ma haka. Da yake sau da yawa mahaifi ko yaya ne ya kawo shi yana roƙon “Alhaji a taimaka a riƙe mana shi”, sai a fara zaman a matsayin taimako, ladan aikinsa ya zama abin da aka ga dama. Wani ma hannun ɗan'uwan ake damƙa kuɗin. In saɓani ya taso, kaya sun ɓata ko lissafi bai cika ba, mai baki shi ke fara kai labari wajen shugabannin layi, kuma wanda zai fassara wa kurman sau da yawa yaron shagon ne, wanda abincinsa ke hannun wanda ake ƙara. Ga mace abin ya fi tsanani. Da yawa a gida suke sana'a, ɗinki da kitso da lalle, wani ne ke kai kayan kasuwa ya dawo ya faɗi yadda aka sayar. Wadda ta fita aiki kuma, in wani ya ci zarafinta, ya san da wuya ta iya kai ƙara a fahimce ta. Sannan ga abin da muka mayar ba komai ba: mutum ya shekara goma a layi, kowa na kiransa Bebe, ba a san sunan da mahaifinsa ya raɗa masa ba.

Waya ta zo da sauƙi, ta kuma zo da sabon shinge. Kiran bidiyo ya ba kurame damar yin hira da hannu daga nesa, alat na banki ya rage gardamar “na biya, ba ka biya ba”, hoto a WhatsApp ya isa a yi cinikin atamfa. Amma 'yan kasuwarmu saƙon murya suka fi so. Zauren 'yan layi a waya, inda ake sanar da tashin farashi da zuwan jami'an haraji da rasuwa da ɗaurin aure, kusan duk murya ne. Manhajojin da ke mayar da magana rubutu kuwa sun fi ƙwarewa a Turanci, balle a ce Hausar kasuwa cikin hayaniya. Gargaɗin haɗari ma da baki ake yinsa. Ɗan dako na tafe da kaya yana “Hanya! Hanya!”, mai Adaidaita Sahu na danna oda, wanda bai kauce ba a bangaje shi a bi shi da zagi. Kasuwar Sabon Gari ta yi mummunar gobara a watan Maris na 2016, kuma wuta ba baƙuwa ba ce a kasuwannin Kano. In ta tashi da rana, ihu ne ƙararrawar, wanda ke can cikin sito yana jera kaya bai ji ba sai hayaƙi ya iske shi.

Sabon Gari tana da ɗan bambanci da Fagge a wannan fanni. Unguwa ce da ta tashi bayan isowar jirgin ƙasa, ta tara mutanen Kudu da na ƙasashen maƙwabta, don haka Turanci da rubutu sun fi yawo a cikinta. Kurman da ya yi makaranta zai iya rubuta wa Oga magana a takarda ko a waya su fahimci juna, kuma a al'adar koyon kasuwanci ta Ibo ana yanka shekarun da yaro zai yi tun farko, a gaban dangi, da alkawarin jari a ƙarshe. Irin wannan yarjejeniya ta fi kare mai rauni a kan “zauna tukuna mu gani”. Sai dai maganar hannu ta gida ba ta da kasuwa sosai a can, wanda bai yi boko ba ya fi sakewa a Fagge.

A Sabon Garin ne kuma na fi ganin wasu mutane da hanyoyin biyu duk suka manta da su, wato waɗanda aikin ne da kansa ke cinye musu kunne. Masu injin markaɗe da niƙa a cikin kasuwa, masu walda da masu yankan ƙarfe, masu gyaran janareto, masu sayar da lasifika da ke gwada ta yini guda, da ma'aikatan masana'antun Bompai da ke kwana a unguwar. Masana lafiyar ma'aikata sun sa iyaka a ma'aunin ƙara 85 na desibel na tsawon awa 8, kuma duk ƙarin 3 yana rage lokacin da rabi. Hanya mai sauƙi ta ganewa ita ce, in sai ka ɗaga murya kafin wanda ke tsaye dab da kai ya ji ka, to ƙarar ta kai ta yi lahani. Ƙwayoyin da ke cikin kunne masu karɓar sauti in sun mutu ba sa dawowa. Abin a hankali yake zuwa: ƙugi a kunne da daddare, sai mutum ya riƙa jin murya amma kalmomi suna kuɓuce masa, ya kasa bambance sittin da tis'in a waya.

Irin wannan mutum bai iya maganar hannu ba, ba ya cikin jama'ar Sarkin Bebaye, kuma ba ya yarda a kira shi nakasasshe. Ɓoyewa yake yi. Yana gyaɗa kai ga abin da bai ji ba, ya yi kuskure a lissafi, a ce ya fara wasa da aiki ko girman kai ya kama shi, ana yi masa magana yana share mutane. Sauƙin da kasuwa ke yi wa wanda aka sani kurma ne tun yarinta, shi ba ya samunsa. A takarda kuwa yana da haƙƙi bayyananne: Dokar Biyan Diyya ga Ma'aikata ta 2010 ta ambaci lalacewar ji saboda aiki a cikin abubuwan da ake biya, daga asusun hukumar NSITF da masu ɗaukar aiki ke zuba wa kashi 1 cikin 100 na albashin da suke biya. Amma mai injin markaɗe wa ya yi masa rajista? Na'urar ƙara ji za ta taimaki da yawansu in an auna kunnen an daidaita ta, kamar yadda ake yi a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna, sai dai tana da tsada, tana cin batir, kuma ta arha da ake saya a kan tebur har hayaniyar take ƙarawa. Abin toshe kunne na roba, wanda kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, shi ne da zai hana ɓarnar tun farko, kuma da wuya ka gan shi a kunnen kowa a layin masu niƙa.

In aka ce lallai in zaɓa, a yau, ga yaro kurma ɗan shekara 17 a Fagge, zan ce a kai shi wajen ubangidan kirki ya koyi sana'a, ko da yana karatu, kada ya zauna jiran kashi 5. A shago za a yi magana da shi, za a ba shi aikin da za a tambaye shi in ya ɓata, kuma wannan shi ne mutunci. Amma ina faɗin haka raina ba daɗi, domin na san ina tura shi inda komai ya rataya ga halin mutum ɗaya. Gyaran da nake gani shi ne a ɗauko ƙarfin doka a kai shi inda mutanen suke, maimakon a jira su zo ofis.

Ƙasashen da suka yi nisa hanya biyu suka bi. Dokar Amurka ta 1990 ta ɗora nauyin gyaran a kan mai ɗaukar aiki, in ma'aikatansa sun kai 15. Ingila kuwa tana da shirin da gwamnati ke biyan kuɗin tafinta da kayan aiki ga ma'aikaci nakasasshe, har da mai sana'ar kansa. Ga garin da mai ɗaukar aiki tela ne mai keke biyar, salon Ingila ya fi dacewa. Ba wanda zai tilasta wa mai shago ya ɗauki tafinta, in an matsa ma sai ya daina ɗaukar kurame gaba ɗaya. Amma gwamnatin jiha da ƙaramar hukumar Fagge za su iya ajiye tafintoci 'yan kaɗan a kan albashi, waɗanda za a kira ta bidiyo ko su zo da ƙafarsu ranar ƙulla yarjejeniya, ranar rabon gardama, ranar zuwa banki ko asibiti. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na teloli kuma, waɗanda hukuncinsu ya fi na kotu saurin aiki a cikin layi, za su iya sa ƙa'ida: duk yaro kurma da aka kawo, a rubuta shekarun koyo da ranar sallama a gaban shaidu, ladansa a hannunsa ko asusunsa, sanarwar layi a riƙa haɗa ta da rubutu, kuma ba a sauraron ƙararsa sai da mai fassarar da shi ya zaɓa. Ƙungiyar kurame ta ƙasa da reshenta na jiha su ya kamata su zauna a teburin da za a tsara wannan, tare da Sarkin Bebaye, don kada 'yan boko su yi magana da yawun waɗanda ba su shiga aji ba.

Masu iya wannan fassara ba sai an je Oyo neman su ba. Akwai 'ya'yan kurame masu ji, waɗanda da maganar hannu suka buɗe ido, suna fassara wa iyayensu a asibiti da wajen mai gidan haya tun suna firamare. Akwai kuramen da suka yi Tudun Maliki kuma suka tashi a majalisar unguwa, sun iya harsunan hannu biyun, suna iya tsayawa tsakanin tafintan boko da telan da bai yi makaranta ba. Sashen ilimi na musamman na Jami'ar Bayero zai iya horar da su a kan amanar fassara da riƙe sirri, ya ba su shaida, a sa su a tsarin albashi. Aikin da suke yi kyauta ne yanzu, in sun samu sarari, kuma ranar da ba su samu ba, haka ake yanke maganar ba tare da mai ita ba.